Abin da Ya Hana Inna Cin Tuwona

Jiya da hantsi ƙarar ƙarfe ta hana ni lazimi. Na tambaya, aka ce ai tsofaffin gidajen ma'aikatan nan ne na bakin hanya ake rushewa, wai za a ɗora bene mai gilashi. Na ce oho, ashe siminti ma yana tsufa kamar mu. Yaran yanzu in sun bi ta wurin ko waiwayawa ba su yi, kangaye ne a wurinsu, matattarar awaki da leda. Ni kuwa na san gidajen nan tun suna ƙamshin farar ƙasa, tun mutanen Tawa na cin ado su zo kallonsu da la'asar kamar ana biki. A na uku daga gabas na zauna da ƙuruciyata, kuma a cikinsa ne na kusa kashe uwar mijina da ladabi. Ba ɓatan baki na yi ba, da ladabi na ce.

Ni 'yar tsohuwar unguwa ce, gidan laka na tashi, gidan dukawa. Babanmu yana zaure da wuƙarsa da fatunsa, duk mai shiga sai ya bi ta gabansa, ya yi sallama, a amsa, mata su gyara lulluɓi. Daga zaure ba ka hango tsakar gida, sai ka bi wani ɗan lungu ka juya, sannan gida ya buɗe maka. Ba mu da agogo, turmi ne ke gaya mana lokaci. Da hantsi dakan fura, taɓarya uku a turmi ɗaya, a jefa ta sama a tafa a cafe. Da la'asar kuma dakan tuwo. In turmin wani gida ya yi shiru kwana biyu, kakata za ta yafa zane ta ce bari ta leƙa, ko dai ciwo ne ko dai hatsi ya ƙare. Ɗakunan kuwa in rana ta take, ka shiga ka ji sanyi kamar ka sa hannu cikin randa. Kowace shekara kafin damina maza su kwaɓa ƙasa su yi yaɓe, mu 'yan mata mu yi ta jidon ruwa muna tsokanar magina. Makewayi yana can ƙurya bayan rumbu, da 'yar katangarsa mai lanƙwasa. In mutum ya ɗauki buta ya nufi can, ba wanda zai ce ya gan shi, ko da ya gan shi. A lokacin ban ɗauki wannan wani abu ba. Na zaci haka Allah ya halicci gida.

Sai aka ɗaga tutarmu, Nasara ya fara haɗa kayansa. Maigidana, Allah ya jiƙansa, yana cikin 'yan tsirarun da suka yi lakwal, wato boko, aka ba shi kujera a biro, ofishin gwamnati, yana rubutu. Har yau bakina bai iya kama sunansa ba. Mushe kowa ke ce masa, wato Malam a bakin Faransawa, ni ma haka. Ba a jima ba gwamnati ta share wani fili a gefen gari, ta tumɓuke duk wata aduwa da ke wurin, ta jera gidaje na bulo da rufin kwano da muke kira tol, aka ba mu ɗaya. Ranar da aka miƙa makullai, wanda ya tsaya kan ginin ya tara mu, maza a gaba, mu mata a raɓe. Saurayi ne dogo siriri, ɗan Takanamat, Shef ake ce masa, kullum da takardar zanen gidajen a naɗe ƙarƙashin hammata. Ya ce sabuwar ƙasa sababbin mutane take so, kuma sabon mutum ba ya fitowa daga ɗaki mai duhu. Ya ce an yi gidajen iri ɗaya ne don kada wani ya ce ya fi wani. An ƙi yin katanga don mai aikin jama'a bai kamata ya sami abin ɓoyewa ba. An ƙi yin zaure don zaure wurin zaman kashe wando ne, yanzu kuwa lokacin aiki ne. An yi manyan tagogi don iska da rana su kashe cuta. Da ya zo kan cuta sai muryarsa ta sauya, ya ce ƙannensa biyu tari ya kashe su a bukka mai hayaƙi, yana ji yana gani. Ba ƙarya yake yi ba, har cikin zuciyarsa ya yarda da abin da yake faɗa. A ƙarshe ya karanta mana doka: ba a ɗaure dabba, ba a daka a kan siminti, ba a ƙara ko da kara ɗaya a jikin gidan gwamnati. Wanda ya saɓa ya mayar da makulli.

Gaskiya ni ma da farko kaina ya kumbura. Ɗaki biyu ga ɗakin zama da suke kira salo, ga madafa da wani dandamali wanda sai ka tsaya tsaye kake aiki a kansa, ga makewayi a cikin gida, na siminti mai wurin ɗora ƙafa biyu, da ƙofarsa ta tol tana duban salo. Ba yoyo, ba gara, ba kunama. Ina iya zura zare a allura a tsakar ɗaki da rana tsaka, abin da uwata ba ta taɓa yi ba. 'Yan'uwana suka zo suka shafa bango suka ce na haye. Amma ba a yi wata ba na fara jin wani abu na cin raina wanda ban san sunansa ba. Ƙofa a bakin hanya take, in ka buɗe ta duk mai wucewa ya san miyar da kika kaɗa. In ka rufe, tol ya gasa ka. Da azahar har ƙara yake yi, ƙas, ƙas, kamar ana jifarsa da tsakuwa. Dattawa suka daina zuwa gaida Mushe, don ba inda za su tsaya su yi sallama ba tare da idonsu ya faɗa kan matar gida ba. Daka sai na ɗauki hatsi na kai gidanmu, don haka layin namu tsit yake kamar maƙabarta. Mu matan layin kuwa, da ba katanga tsakaninmu, maimakon mu saba sai muka koma gadin juna. Na koyi yin magana ƙasa-ƙasa a cikin ɗakina. Na koyi fushi ba dalili. Mushe in na yi ƙorafi sai ya ce sabo ne, ci gaba ba ya zuwa da daɗi.

Ana nan sai mahaifinsa ya rasu a Kalfu. Da Inna, uwar Mushe, ta fita takaba, Mushe ya ce ba zai bar ta a ƙauye tana surfe da hannunta ba alhali yana da gidan siminti. Ya je ya ɗauko ta. Inna mace ce kakkaura, gajera, mai dariya har da buga cinya. A Kalfu ita ke noma gamanarta, 'yar gonarta ta kanta, ita ke tatsar awakinta, kuma an san ta da ci. Takan shanye ƙwaryar fura ta lashe ludayi ta ce yanzu ta ji ta zama mutum. Mushe ɗanta ne na fari, don haka ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in yana wuri ba ta cin abinci, ba ta doguwar magana. In dole ta yi zancensa sai ta ce “wancan”. Ni kuwa Amarya take ce mini, har na haifi 'ya'ya biyar ban tashi daga Amarya ba. Ranar da ta iso na zaga da ita gidan ina ta rawar kai. Na nuna mata ɗakinta, na nuna mata taga, na buɗe ƙofar makewayi, ƙofar ta yi ƙiii, na ce, “Inna, ga shi nan kusa, ba sai kin fita ba.” Ta leƙa, ta dubi wurin ɗora ƙafa, ta dubi taga inda rana ke shigowa, ta ce, “To, madalla.” Ni da wautata na ɗauka yabo ne.

Kwana uku da zuwanta na lura ba ta taɓa tuwo sai loma biyu. Fura ta kurɓa sau ɗaya ta ture ƙwarya ta ce, “Na ƙoshi, Amarya, Allah shi yi albarka.” Na ce baƙunta ce. Mako ya zagayo, abin bai sauya ba. Sai zuciyata ta ce mini girkina ne ba ta so. Wayyo, na sha kuka a madafar nan! Na sauya miya, yau kuka, gobe kuɓewa busassa, jibi yakuwa. Na yi mata kwaɗon zogale da ƙuli. Na nemo cuku mai kyau na mutanen arewa na daka mata cikin fura. Ta yaba, ta sa albarka, ta ture. Da na ga ta fara ramewa sai na ce ai kaɗaici ne, laifina ne da nake barinta ina tafiya daka da kasuwa. Daga ranar na daina fita. Na roƙi ƙanwata ta riƙa yi mini daka tana kawowa. Na shimfiɗa tabarma a salo na zauna kusa da Inna daga safe har Mushe ya dawo, ina yi mata fifita, ina matsa mata ƙafa. Har murhu na jawo bakin ƙofa don kada ta ɓace mini da gani. In ta motsa na ce, “Inna, me za a kawo?” In ta ɗauki buta na karɓa na cika mata na tsaya. Sai ta yi alwala a bakin ƙofa ta dawo ta zauna. Ina ta jin daɗin kaina, wai ni ga surukar kirki. Tun da na fara zaman nan ko loma biyun ta daina, ruwa ma sai ta jiƙa leɓe.

Cikin wata guda matar nan ta zube. Zane ya riƙa zagaya ta sau biyu, idanu suka faɗa, dariyar nan ta tafi. In ta tashi salla sai ta dafa bango. Mushe ya kai ta likita, aka ɗora mata abin saurare a ƙirji, aka ce ba a ga komai ba, aka ba ta ƙwayoyin buɗe ciki don ta ji yunwa. Ka ji mugunta ba da niyya ba! Babanmu ya sa aka yi mata rubutu, ta sha don kunya. Maƙwabta suka fara cewa ko gidan ne da iska, wasu suka ce ko ni ce na yi mata wani abu. Wannan ta fi ƙona mini rai. Mushe ya tsaya daga bakin ƙofar ɗakinta, kansa a ƙasa, ya ce, “Inna, mi ke miki ciwo?” Ta juya fuska bango ta ce a gaya wa wancan lahiya lau take. Ranar ya ce mini ya yanke shawara, ranar kasuwa mai zuwa zai sa ta a kamiyo, babbar motar kaya, ya kai ta babbar likita ta Yamai. Na dubi Inna, na tuna hanyar nan ta lokacin, rami da gargada, yini da kwana ana jijjiga. Na san in ta hau motar nan gawarta za a sauke.

Ana saura kwana huɗu aka yi suna a tsohuwar unguwa, gidan wata ƙawar Inna tun ta ƙuruciya, Gwaggo Tamu, ita ma mutuniyar Kalfu ce aure ya kawo ta Tawa. Inna da ba ta iya tsayuwa ta ce sai ta je. Muka ɗora ta a jaki, ina riƙe da ita. Muna shiga zaure, muka bi lungu, tsakar gida ta buɗe, na ji ta sauke wata ajiyar zuciya. Aka shimfiɗa mata a inuwar rumbu. Na shiga cikin mata ina taya su kwasar tuwo. Can na waiwaya, me zan gani? Inna da akushi a gabanta, hannu dumu-dumu, tana kai loma tana zuba zance, ga ƙwaryar fura rabi a gefe. Na ce shi ke nan, ta tabbata, hannuna ne ba ta so. Na zaga bayan ɗaki na fashe da kuka.

Nan Gwaggo Tamu ta same ni. Tsohuwa ce mai baki, ba ta tauna magana. Ta ce, “Ke kuma mi anka yi miki?”

Na ce, “Gwaggo, wata guda ina girki tana turewa. Ga shi nan naku tana ci har da suɗi.”

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Ke ɗiyar nan, da ganinki kamar mai wayo. In mutum ya ci, ina shika kai shi?”

Na ce ban gane ba.

Ta ce, “An ce mini makewayinku cikin ɗaki yake, ƙofa na kuka, ana jin ɗigon ruwa daga inda ɗanta na fari ka zama shina shan shayi. An ce kuma wanda ya tsuguna gabas shika duba, alƙibla tsaf. Tsohuwar da ta yi shekara sittin ba ta taɓa ba alƙibla gaba a wurin nan ba! Da can tana lallaɓawa in kin tahi kasuwa, ta karkace ta yi yadda ta yi tana istigfari. Sai kika zo kika dasa mata tabarma a bakin ƙofa kina mata fifita. Waje kuma fili fetal, ko kara babu. To mi za ta yi? Sai ta rufe bakin sama.”

Na ce, “Don Allah me ya hana ta gaya mini?”

Ta ce, “Ta gaya wa surukarta? Ke in ke ce, kya faɗi?”

Ba zan faɗa ba. Ko yau da na tsufa ba zan faɗa ba. Na leƙa ta gefen ɗaki, na ga Inna ta ɗauki buta ta nufi bayan rumbu a hankali, mata fiye da talatin a tsakar gidan, ba wadda ta ɗaga kai.

Gwaggo ta riƙe ta ta kwana biyu a wurinta. Ni kuwa na koma na tari Mushe da la'asar. Faɗin abin ma aiki ne, na yi ta kewaye-kewaye har ya gane. Kunnuwansa kamar su faɗi don kunya. Sai kuma ya hau faɗa, irin faɗan wanda ya san ba shi da gaskiya. Ya ce doka ce, kara ɗaya aka ƙara za a karɓe makulli, a biro a yi ta yi masa dariya a ce baƙauye an ba shi gidan zamani ya mai da shi ruga. Na ce, “To mayar da ita Kalfu.” Ya ce duniya za ta ce ya kori uwarsa. Na ce, “To bar ta wurin Gwaggo.” Ya ce wannan ya fi muni, yana da gida uwarsa na kwana gidan wani. Raina ya ɓaci, na ce, “Ashe dai Yamai ɗin ce ta fi maka sauƙi, a ce ka yi ƙoƙari.” Ban taɓa gaya masa magana irin wannan ba. Ya ɗauki hularsa ya fita masallaci. Da safe zai tafi biro, ya tsaya a bakin ƙofa bai dube ni ba ya ce, “Yau aiki ya yi yawa, ba ni dawowa sai magariba. Ban san abin da za a yi a gidan nan ba.” Na ce a dawo lafiya.

Kafin rana ta yi zafi mijin Gwaggo Tamu ya iso da diga da wani abokinsa mai haƙar rijiya. Ƙasar wurin tsakuwa ce, kowane sara sai ya yi tartsatsi, amma suka haƙa. Matan unguwarmu suka biyo baya da zana shida na mutanen Bambeye a ka, suna tafe suna shewa, matan layi na leƙe ta taga. Aka kafa dirkoki a bayan gida, aka kewaye ɗan fili, aka yi wa makewayin lanƙwasa irin ta gidanmu. Mai haƙar ya tsaya ya dubi rana, ya juya bakin ramin kudu. Babu takarda a hannunsa. Da azahar an gama, aka sha fura aka watse.

La'asar ba ta yi ba sai ga Shef a kan kekensa, takarda a hammata. Wata ta kai rahoto, na san ko wace ce, ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya yafe mata. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya gan ni ba lulluɓi, ya kau da kai ya ce a yi masa magana da maigida. Na ce, “Ba ya nan. Kuma ka daina kau da kai, Shef, kai ka gina gida ba zaure.” Ya ce, “Madam, kin san doka. Gobe in na dawo na tarar da zanar nan, dole in rubuta.” Na tuna idanun Inna. Na ce ya shigo ya zauna. Ya shigo, ya zauna a kujerar Mushe. Bakina ba zai iya faɗin abin ba, don haka na ɗauki buta na shiga makewayi, na ja ƙofa, ƙiii. Na tsaya na tsiyaye ruwan butar a hankali har ya ƙare. A gidan nan mai tsit, ƙarar ta cika ko'ina. Na fito na same shi yana duban takalminsa.

Na ce, “Shef, mahaifiyarka na da rai?”

Ya ce, “Tana Takanamat.”

“Ta taɓa zuwa gidanka na ƙarshen layi?”

Ya ce, “Ta zo bara. Kwana uku ta yi ta ce sai gida, wai kewar awakinta take.” Ya buɗe baki zai ƙara, sai ya tsaya. Can ya ce, a hankali, “Ba ta ci komai ba. Na zaci fushi take da ni.”

Na ce, “Tashi ka leƙa, ka gaya mini ina mai tsugunawa ke duba.”

Ya leƙa. Ya warware takardarsa a kan tebur, ya juya ta, ya sake juyawa. Ya ce wanda ya zana ta a can ƙetare yake, bai taɓa taka ƙasarmu ta Adar ba, kuma zanen nan guda aka aika ƙasashe da yawa. Ya nuna mini wata 'yar kibiya a gefe ya ce arewa kaɗai aka sa wa alama. Ya ce, “Sau biyar nake duban gabas kullum, na gina layi guda ban duba ba.” Ya fita baya ya zaga zanar, ya auna da ƙafa. Ya ce a ja ta baya taki biyu don kada a hango daga hanya. Ya zaro alƙalami ya yi ɗan zane a bayan gida na uku, ya rubuta wani abu da Faransanci. Na ce me ya rubuta. Ya ce, “Wurin shanya.” Ya hau kekensa, har ya tafi ya dawo ya tambaye ni wa ya saƙa zanar.

Washegari aka dawo da Inna. Ban ce mata komai ba, ita ma ba ta ce ba. Na dai bar ƙofar baya a buɗe, na ajiye buta cike a gindin zana, na yafa mayafi na ce, “Inna, zan tafi daka, zan jima.” Na jima kuwa, har da tsayawa hira. Da na dawo na tuƙa tuwo na kaɗa miyar kuka, na ajiye mata, na koma madafa na ba ta baya. Ina jin motsin akushi. Can ta ce, “Amarya.” Na fito na ce, “Na'am, Inna.” Ta ce, “Miyar ga gishiri ya yi mata yawa.” Ta turo akushin, fes kamar an wanke. “Ƙaro.” Na ɗauka na shiga madafa, hawaye na zuba cikin tukunya, ina dariya kamar mahaukaciya. Ranar kasuwa kamiyon Yamai ya tashi ba da ita ba. Shekara goma sha ɗaya ta ƙara a duniya, ta goya 'ya'yana biyar, a bayan zanar nan ta koya musu tatsuniya.

Kafin damina kowane gida a layin ya sami wurin shanya. Daga baya zana ta zama katanga, wasu suka fitar da zaure, aka shuka dogon yaro, turmi ya dawo. Abin mamaki, sai da katanga ta tashi tsakaninmu sannan muka fara shiga gidajen juna. Shef ya ɗauko mahaifiyarsa, ta zauna, ita da Inna har ƙawance suka ƙulla, rabi da Hausa rabi da hannu, don tsohuwar ba ta jin Hausa sosai. Gidajen da ya gina bayan namu, tagoginsu manya ne yadda yake so, amma akwai tsakar gida, kuma makewayi na ƙurya. Ban taɓa cewa a koma ɗaki mai hayaƙi ba; 'ya'yana ba wanda tari ya kashe, wannan kuwa ina gode wa tagar Shef. Abin da na gane kawai, bango yakan sa mutum ya saki jiki ko ya takure, kuma wanda ya fi shan wuyarsa sau da yawa shi ne wanda kunya ba za ta bari ya yi magana ba.

Yanzu in na bi gari na ga gidaje masu hawa da ƙofofin ƙarfe, kowa ya kulle kansa da na'urar sanyi, nakan ce ko wace tsohuwa ce ke zaune a ciki tana cewa ta ƙoshi. Amma ban yanke ƙauna ba. Jikata ta yi karatun zanen gidaje, a inji take zanawa ba a takarda ba. Bara ita da mijinta suka gama nasu, bulon ƙasa ta sa aka buga, suka ce sai na koma wurinsu. Na tafi gabana na faɗuwa, don yanzu ni ce Inna, mijin jika kuwa duk wasan da ke tsakaninmu, namiji ne a gidansa. Da muka isa ba ta zaga da ni tana rawar kai ba. Ta kai ni ɗakina, ta buɗe wata 'yar ƙofa ta baya ta bar ta a buɗe. Na hango lungu mai lanƙwasa, da buta cike a gindin bango. Na dubi rana, na dubi lungun. Kudu yake duba. Ta ce, “Kaka, zan je kasuwa, zan jima.”

Da ta dawo ta kawo mini tuwo. Gishirin daidai yake, amma na ce mata ya yi yawa. Sannan na tura mata kwanon.